Littattafan manya: yadda ake sayar da su a Ingila da yadda muke yi a WhatsApp

A nan Ingila, rubuta soyayya mai bayyana sirrin shimfiɗa sana'a ce mai ƙa'ida. A 2012 wani kamfanin ɗab'i, Total-E-Bound, ya ɗauko tsofaffin littattafai irin na marubuciya Jane Austen ya cusa musu wuraren kwanciya tsakanin babi da babi. Doka ba ta hana ba, domin haƙƙin mallaka yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, Austen kuwa ta rasu tun 1817. Ni dai aikin bai burge ni ba. Daɗin waɗannan labarai yana cikin kawaici ne. Budurwar da ke sunkuyar da kai a wannan shafi ba za ta zama wata daban a na gaba ba, sai ɗinkin ya fito fili. Mai sha'awar yi wa Abubakar Imam haka ya sani cewa a 1981 ya rasu, dokar Najeriya ma shekara 70 ta ce.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar sayarwa. A kasuwar intanet ta Amazon marubuciya za ta zaɓi rukunin littafinta, idan na batsa ne ana iya ɓoye shi daga binciken kowa da kowa, kuma tana samun kashi 70 cikin ɗari idan farashin yana tsakanin dala 2.99 da 9.99.

Mu Hausawa fa? Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, ta rubuta "na matan aure ne", a tura kuɗi ta asusun banki, a nuna shaidar biya, a saka mutum a rukunin WhatsApp. Daga nan babu sauran tsaro. Mutum ɗaya ya kwafe rubutun ya watsa, gargaɗin ya ɓace a hanya, marubuciya ta yi ta Allah ya isa, littafin kuma ya faɗa wayar 'yar shekara 14.

An gwada ƙona littattafai a Kano a 2007, lokacin shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu, amma rubutun ya koma waya, inda hannun Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i bai cika kaiwa ba. Ya kamata ƙungiyoyin marubuta su amince da alamar shekaru guda ɗaya da za a riƙa sakawa a kan kowane babi, ba shafin farko kaɗai ba, a kuma mayar da ciniki cikin manhajar da ba a iya kwafe rubutu daga cikinta.