Ga mai cewa jami'a tana da 'yanci tunda ba a kama kowa ba

Wani masani, wanda harshensa ya yi laushi tun da aka ba shi kujera a majalisar gudanarwar jami'a, yana ta shelar wai jami'o'i na cin gashin kansu, hujjarsa kuwa ba a taɓa ganin ɗan sanda a aji ba. Malam, ai ba ta nan ake shigowa ba, kuma ka fi kowa sani.

Ta naɗin shugaba ake farawa. A cika majalisar da 'yan waje har su rinjayi wakilan malamai, in ta yi gardama a rushe ta a ajiye muƙaddashi. Shi kuwa muƙaddashi, da ake sabunta masa wa'adi lokaci bayan lokaci, wa zai ce wa a'a? A Turkiyya ma ba a yi wannan kwana-kwanar ba: a 2016 dokar ta-ɓaci ta soke zaɓen shugabannin jami'o'i, naɗin ya koma hannun shugaban ƙasa.

Sai lalita. Kuɗi ya zo a ɗaure, kowane kwabo da sunan abin da za a kashe shi a kai, rarar shekara ta koma baitulmali, albashi ya fito daga wani ofishi da ba na jami'a ba. Daga nan ko mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ba a iya ɗauka sai da izini. Malamin da ke kan kwantiragi, ko mai jiran ƙarin girma, ba sai an hana shi bincike kan kasafin tsaro ba, shi da kansa zai sauya maudu'i.

Manhaja ma haka. Hungary ta cire nazarin jinsi daga jerin darussan da aka amince da su a 2018, kuma dokar 2017 ce ta tilasta wa jami'ar CEU, wata jami'a mai zaman kanta da ke Budapest a lokacin, komawa Vienna a ƙasar Austria. Ba a ɗaure farfesa ko ɗaya ba.

Mutumin namu yakan ce mai biya shi ke da iko. To, shawarwarin UNESCO na 1997 kan matsayin malaman jami'a sun yarda a binciki yadda aka kashe dukiyar jama'a, amma abin da za a koyar da wanda za a ɗauka aiki hurumin malamai ne. Da can shi ke karanta mana wannan takarda a taro, kafin motar ofis ta iso.

Ba mu kira suna ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.