Samarin Zango, wa zai yi mana wanka?

Assalamu alaikum samarin Aboabo, Asawase da Sabon Zango a nan Kumasi. Duk sanda aka yi rasuwa muna cika titi, mu ɗora hoton mamaci a Facebook, mu jira ranar addu'a. Amma mutanen da suka shiga ɗaki suka wanke gawar, da waɗanda suka yi sammako zuwa maƙabartar Tafo da diga da shebur, yawancinmu ko sunansu ba mu sani ba. Galibinsu dattawa ne, gwiwa ta fara ciwo, kuma ba su taɓa cewa a biya su ba. Aikin nan farali ne na kifaya: in wasu suka yi, sun ɗauke wa kowa, in aka rasa mai yi, laifin yana kan unguwa gaba ɗaya.

Ku dubi yadda mai wanka yake aikinsa. Kafin ya taɓa ruwa zai rufe al'aurar mamaci daga cibiya zuwa gwiwa, ya sallami duk wanda ba shi da aiki a wurin. Zai sa safar hannu, ya ɗan ɗaga gawar, ya matsa cikin a hankali don abin da ya rage ya fito. Wanda ya tsallake wannan, sai an gama naɗa likkafani najasa ta ɓullo, a koma baya. Daga nan alwala, sannan wanka, dama kafin hagu, sau 3 ko 5 ko fiye in da buƙata, a tsaya a kan wutiri, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Ummu Aɗiyya da abokan aikinta ranar da suka wanke 'yarsa. Ana sa magarya ko sabulu, kafur kuwa sai a ruwan ƙarshe. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a yanke farce, ba a aske gashi.

Gawar da ta kwana a mutuware, wato ɗakin ajiye gawa, na asibitin Komfo Anokye tana zuwa da sanyi, gaɓoɓi a sandare. Gwani ba ya lanƙwasa hannu da ƙarfi. Ruwa mai ɗan ɗumi yake zubawa, ya jira. In likita ya yi bincike akwai ɗinki, sai a bi wurin da auduga, ba a dirzawa. Kuma ya bushe jikin sosai kafin likkafani, domin alawayyo in ya sha ruwa yana mannewa ya nuna surar jiki.

Abin da ya fi burge ni a wajensu shi ne bakinsu. Mutum zai wanke attajiri, ya wanke ɗan kaya na kasuwar Kejetia, ya ga abin da matar mamacin kaɗai ta sani, ya fito bai ce uffan ba har ya koma ga Allah. Mu kuwa sirrin aboki ba ya kwana a wayarmu.

Masu haƙa su ma da nasu ilimin. Dole kabari ya zauna yadda mamaci zai kwanta a kan damansa yana fuskantar alƙibla, wadda daga Kumasi gabas ce mai karkata arewa. Inda ƙasa ke da tauri ana yin lahadu, wato ramin da ake ƙwaƙulewa a bangon kabari don kwantar da gawa, a gefen alƙibla. Inda take da laushi sai a tsaga tsakiya, don lahadu a irin wannan ƙasa rufzawa yake. A damina, musamman Mayu da Yuni, jar ƙasar nan tana shan ruwa, shi ya sa suke zuba ƙasar da aka haƙo nesa da bakin ramin, kada nauyinta ya karya gefe. Bayan an jera katako sai a toshe kowace kafa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Saurayi mai son koyo kada ya fara da gawa. Ka je wajen limamin unguwarku ka ce a haɗa ka da masu wanka. Za ka fara da ɗebo ruwa da miƙa buta, sannan yanka likkafani, sannan juya gawa. 'Yan mata su nemi iyayenmu mata masu wannan aiki, don mace ita ke wanke mace. Wani kuma ya koyi bin takardar likita da izinin binnewa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, domin sau da yawa takardar nan ce ke sa jana'izar azahar ta koma la'asar.