Tabarma ma sai an yi mana alfarma?

Har yau in ruwan sama ya fara dukan kwano da daddare, sai in tashi zaune in laluba ƙasa da ƙafa, in ji ko a bushe take. Wannan ciwon na samo shi ne tun daren da ya wayi garin Talata, 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya biyo mu har cikin ɗaki a unguwarmu ta Gwange da ke Maiduguri. Ruwa na Allah ne, ba ni da ja. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda aka kwantar da mu.

Wata firamare aka ce mu nufa. Muka isa sharkaf, tsohuwata a goye a bayan ƙanena, sai ga azuzuwa a garƙame. Mai gadi ya ce ba a ba shi umarni ba. Sai da samari suka fasa kwaɗo. A ciki ba tabarma, ba bargo, ba gidan sauro, sai siminti mai sanyi da karyayyun bencina. Biyu na haɗa wa Inna, na yi mata matashi da rigata. Can cikin dare ta kira ni a hankali, ta ce, "Ɗan nan, ƙashin bayana zai rabe." Ban samu abin ce mata ba, sai "Sannu Inna, gari ya kusa wayewa." Ko sha biyu ba ta yi ba a lokacin.

Mata da yara aka cusa a ɗakuna, mai jego kusa da mai tari, ko zane ba a ɗaura ya raba su ba. Mu maza muna baranda muna tafa wa sauro, kowa kunnensa a buɗe, don an ce kadoji da macizan gidan zoo sun bi ruwa sun fice. Zancen masai kuwa, ku yi mini uzuri, ba zai faɗu ba.

Daga baya na ji cewa masu aikin agaji na duniya suna da ƙa'ida: kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 na wurin kwana mai rufi, masai ɗaya kuma kada ya wuce wa mutum 20. Dariyar baƙin ciki ta kama ni. Mu da ko juyi za ka yi sai ka nemi izinin na kusa da kai!

Kuma kada wani ya ce mini abin ya zo ba zato. A 1994 wannan madatsar dai ta yi wa Maiduguri irin wannan aika-aikar, dattawan unguwa sun sha ba mu labari. Shekara 30 cif ba ta isa a ware makarantun da ke kan tudu ba, a ce in ta ɓaci nan za ku je, ga mai riƙe da makulli, ga sito ɗaya da tamfol, igiya, tabarmi da gidan sauro? Wannan ai ko kuɗin fentin ofis bai kai ba.

Sau uku aka rubuta sunana, kowace tawaga da littafinta da mai ɗaukar mata hoto. Da tamfol ɗin ya iso, masu uwa a gindin murhu suka kwashe, wasunsu ko ɗigon ruwa bai taɓa gidajensu ba. Mu aka ce mu dawo gobe, goben da har muka bar makarantar ba ta zo ba.

A ƙarshe kasuwa na je na sayi nawa, sabo fil, irin wanda aka ce mana ya ƙare. Yana nan naɗe a saman rufin ɗakina, tare da igiya, tabarma biyu da fitila. Inna ta sa na ƙara da guduma, wai saboda kwaɗon makaranta.