Jami'o'inmu su leƙa ƙarƙashin gyaɗa

Da kakar bana na raka kawuna gonarsa da ke bayan Daura. Ya tumɓuke gyaɗa ya kakkaɓe ƙasa, sai ga 'yan ƙuraje manne da saiwar kamar ƙwayar dawa. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa jaja-jaja. Kawu ya ce tun zamanin kakansa an san gonar da aka yi gyaɗa ko wake ta fi ba da gero baɗi, amma bai san dalili ba. Dalilin kuwa ƙwayoyin halitta ne da ake kira Rizobiyom, waɗanda ke zaune cikin ƙurajen suna zuƙo naitirojin daga iska su ba shuka. Aikin yuriya ke nan, kyauta.

Tambayata ita ce: wa ya san waɗanne iri ne ke cikin jigawar Daura, kuma wanne ya fi jure zafin bazara? Hanyar ganowa ba ɓoyayya ba ce. Tun 1977 Carl Woese na Amurka ya nuna ana iya tantance dangin ƙwayoyin halitta ta hanyar karanta wani nau'in RNA ɗinsu, wato sinadarin da ke cikin kowace halitta mai rai yana aikin haɗa furotin.

Wasu za su ce ana fama da tsadar taki da rashin tsaro, ina mu ina binciken abin da ido ba ya gani? Su tambayi dattawan da suka ga 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonakin Arewa, ta ƙara durƙusar da kasuwar da ta tara dalar gyaɗa a Kano. Ƙwayar cutar kuturtar, wadda darɓa ke yaɗawa, ta RNA ce. Haka ta shan inna, haka ta zazzaɓin Lassa. Katalin Karikó ma, masaniya mai binciken RNA, ta shekara da shekaru ana hana ta kuɗin bincike, har aka rage mata matsayi, kafin aikinta ya haifi allurar korona, ta karɓi kyautar Nobel a 2023 tare da Drew Weissman.

A Jihar Katsina muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, da Al-Qalam, kuma ɗalibai masu kai ba su yi mana ƙaranci ba. Sai dai RNA abu ne mai saurin lalacewa. Zufar yatsa kawai na iya ɓata shi, kuma sai an ajiye shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Firiza ta tsaya na kwana ɗaya, wahalar watanni ta tafi. Shi ya sa nake roƙon gwamnatin jiha da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kafin a sake ɗora harsashin wani babban zaure, a ware ɗakin gwaji ɗaya tak, a sa masa sola da batir da ba za su yanke ba, a ɗauki ƙwararren ma'aikaci mai kula da na'urori, a ba malamai kuɗin sinadarai na shekara biyar a jere. Samfurin farko kuwa a ɗebo shi daga gonakin Daura, Kawu ya ce tasa a buɗe take.