Ƙodar alade a jikin mutum: inda ya kamata a sa ido

Da an ce an dasa wa mutum ƙodar alade, sai ka ji an yi a'uziyya, kuma ba a ga laifin kowa ba. Amma wanda ke kwanciya jikin na'urar wankin ƙoda sau uku a mako, hannu duk tabon allura, ruwan sha ma sai an auna masa, da wani ido yake kallon maganar. A Amurka kaɗai sama da mutum 100,000 ke jiran dashe, mafi yawansu ƙoda suke nema.

Ni a ganina batun haramci ne mafi sauƙin warwarewa. Aya ta 173 a Suratul Baƙara da ta haramta naman alade, ita ce kuma ta ɗauke laifi ga wanda larura ta matsa wa. Balle ma alade ya daɗe da shiga asibiti: heparin, maganin hana jini daskarewa, daga hanjinsa ake samun akasarinsa.

Abin tsoron yana wani wurin. A Janairun 2022 likitocin Jami'ar Maryland suka dasa wa wani Ba'amurke, David Bennett, zuciyar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin halitta 10. Wata biyu ya yi ya rasu, aka kuma gano ƙwayar cutar aladu a cikin zuciyar, duk da gwajin da aka yi kafin aikin. Wata Ba'amurkiya kuma, Towana Looney, ta yi kwana 130 da ƙodar alade, jikinta ya ƙi ta, aka cire a Afrilun 2025, ta koma wankin ƙoda.

Wannan ƙwayar cutar ce ke hana ni sakin jiki. Duk wanda aka yi wa dashe sai an danne garkuwar jikinsa da magani, ƙofa ta buɗe ke nan ga cutar da ka iya tsallakowa daga dabba. Majinyaci dai ya sa hannu a takardar amincewa. Matarsa fa, da 'ya'yansa, da ma'aikaciyar jinyar da ke wanke masa ciwo? Su ma haɗarin na iya shafar su.

A ci gaba da gwajin, domin ana mutuwa a layin jira. Amma hukumomi su wajabta bibiyar jinin majinyaci da na makusantansa, su kuma tilasta wa kamfanonin da ke kiwon aladun, irin su Revivicor da eGenesis, bayyana duk dashen da ya ci tura kamar yadda ake shelar wanda ya yi nasara.