Albashi shi kaɗai ba ya riƙe matashi a gari

Jama'a, duk ran da aka ce wani matashin likita ko injiniya ya tattara ya bar gari, amsarmu ɗaya ce: kuɗi ya bi. Ban musa ba, kuɗi na ciki, kuma wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata babu mai ganin laifinsa. Amma na daɗe da yarda cewa da yawa daga cikin masu tafiyar nan, tun kafin takardar sabon aiki ta iso sun riga sun tafi a zuci. Kaɗaici ne ke fara korarsu, sai kuma ganin cewa zamansu da rashinsu duk ɗaya ne a wurin mutanen garin.

Ku dubi wadda ta gama karatun haɗa magunguna ta samu aiki. Ta fita da sassafe, ta yini a tsaye tana sallamar marasa lafiya, ta dawo ɗaki da yamma ta ɗauki waya. Ƙawayenta na makaranta kowa ta kama gabanta. Abokan aikinta duk sun girme ta, da an tashi kowa sai gidansa. Kullum tana ganin yadda mutane ke barin shan magani da zarar sun ji sauƙi, tana da dabarar wayar musu da kai, amma wa za ta faɗa wa? Ran da saƙon aiki ya zo mata daga wani babban birni, ba ta da wanda za ta ji nauyin yi wa sallama. Za ta tafi, mu kuma mu ce kuɗi ta bi.

Wannan giɓin ne ƙungiyar matasa masu sana'a ke cikewa, idan ta amsa sunanta. Daga 2008 zuwa 2010 Gidauniyar Knight da kamfanin Gallup mai binciken ra'ayin jama'a sun yi bincike a garuruwa 26 na Amurka kan abin da ke sa mutum ya shaƙu da inda yake zaune. Abubuwa uku ne suka zo kan gaba: wuraren haɗuwa da mutane, yadda garin ke karɓar kowa hannu bibbiyu, da kyawun wurin. Tattalin arziki bai shiga ukun nan ba. Biyu daga cikinsu kuwa ba sai an jira gwamnati ba, matasa goma masu niyya za su iya fara su.

Akwai kuma maganar samun aikin kansa. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa masu samun aiki ta hanyar wani, yawanci ba aminai ne ke kawo musu labarin ba, mutanen da ake haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake. Amininka abin da ka sani shi ya sani, inda kake shiga nan yake shiga. Amma akawun da kuke gaisawa sau ɗaya a wata a wurin taro, shi ne zai ji cewa wani kamfani na neman mai iya kwamfuta. Sau da yawa matashi na barin gari don ya ɗauka babu aiki, alhali aikin yana nan, labarinsa ne bai iso shi ba. Ƙungiyar da ta haɗa lauya da malamar makaranta da mai gyaran lantarki da 'yar kasuwa a ɗaki ɗaya, ta buɗe wa kowannensu ƙofofin da shi kaɗai ba zai taɓa gani ba. Zumunta dai a ƙafa take.

Abin ba sabo ba ne. A 1727 Benjamin Franklin, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, yana ɗan shekara 21, ya tara abokansa masu sana'ar hannu a birnin Filadelfiya suna haɗuwa duk ranar Juma'a da dare suna tattaunawa. Daga wannan zaman aka samu ɗakin karatun da suka kafa a 1731, wanda har yau yana nan. Ƙungiyar matasa ta duniya JCI (Junior Chamber International) ta 'yan shekara 18 zuwa 40, wadda ta bazu a ƙasashe sama da ɗari, asalinta wasu samari ne da Henry Giessenbier ya tara a birnin St. Louis na Amurka a 1915 don su sa hannu a al'amuran garinsu. Abin da ya fi burge ni a labaran biyu shi ne ba su tsaya a hira ba, sun ɗauki wani aiki sun ce namu ne.

A nan ne kuma nake da magana da ƙungiyoyinmu na yanzu, kuma da zuciya ɗaya nake yinta. Wasu sun koma rabon muƙamai da ɗaukar hoto da ba da takardar yabo. Wannan ba ya riƙe kowa. Abin da ke riƙe mutum shi ne a ɗora masa nauyi na gaske. A ce wa injiniyan nan, ga ɗaliban sakandare ashirin, kai za ka riƙa koya musu lissafi duk ƙarshen mako har su rubuta jarrabawa. Bayan wata uku ya san sunayensu, ya san wadda ke tsoron ɗaga hannu da wanda ke zuwa ba littafi, uwar ɗayansu ta tsayar da shi a hanya ta yi masa godiya. To yanzu idan tayin aiki ya zo, zai yi tunani sau biyu, domin akwai masu jiransa. Haka nan sabon zuwa: kada a bar shi a kujerar baya ana ta gaishe-gaishen tsofaffin abokai. Wani ya tashi ya zauna kusa da shi, ya tambayi sana'arsa, washegari ya kira shi.

Ku kuma iyayenmu masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu, da girmamawa nake cewa rabin aikin yana hannunku. Ba a ce wa matashi ya zauna ya gina gari sannan a hana shi kujera a inda ake yanke shawara sai ya yi furfura. Ku ba ma'aikatanku lokacin halartar taro, ku ara musu ɗakin zama, ku sa ɗaya ko biyu daga cikinsu a kwamitocinku da cikakken ikon magana da ƙuri'a.

Duk da haka wasu za su tafi, kuma kada mu riƙe su a zuci. Akwai karatu da ƙwarewar da sai an fita ake samu. Sai dai wanda ya tafi yana da mutane a baya daban yake da wanda ya tafi ba kowa. Na farkon zai turo labarin gurbin karatu, zai karɓi ƙanensa idan sun je can, zai amsa waya idan ana neman shawara. Don haka kada a cire sunansa daga zauren WhatsApp na ƙungiya don ya bar gari. A bar shi a ciki, a riƙa sanar da shi ayyukan da ake yi, a ba shi nasa kason da zai iya yi daga nesa.