Buhun da Ya Fi Nauyi

(Shekarar 1852. Ayarin amalanken shanu mai zuwa Oregon, a yammacin Amurka, ya yada zango kusa da sansanin soja na Laramie. Gefen hanya kuwa ga akwatuna da kujeru da waɗanda suka riga su wucewa suka watsar.)

MADUGU: Gafara dai, masu amalanke!

UWARGIDA: Maraba da Madugu. Maigida, fito mana, ka yi baƙo.

MAIGIDA (daga ciki): Ce masa ina nazarin taswira.

UWARGIDA: Taswirar ce take minshari?

MADUGU: Malam, sauko mu yi magana. Shanunka sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Tun da muka baro garin Independence kai ne kurar baya. Tafiyar mil 2,000 ce, sulusi kawai muka ci, duwatsu kuma suna gaba. A rage kaya.

MAIGIDA: Wannan ai mai sauƙi ne. A jefar da murhun ƙarfen nan nata.

UWARGIDA: Murhun da Innata ta sa mini cikin kayan ɗaki? To sai ka riƙa dafa wake a kan agogon kakanka.

MAIGIDA: Kul! Agogon nan gado ne.

UWARGIDA: Gadon da ya fi ka tsawo, kuma tun da muka haye kogin farko bai sake motsi ba.

MAIGIDA: Hutawa yake yi.

UWARGIDA: Halin mai shi ya ɗauko.

MAIGIDA: To a zubar da fulawa.

MADUGU: Fam 200 aka auna wa kowane babba, ita za ta kai ku. In ka zubar, me za ka ci a kan dutse?

UWARGIDA: Madugu, akwai wani buhu da ya fi fulawar nauyi. Ga shi sau uku yake cin abinci a rana.

MAIGIDA: Wane buhu?

UWARGIDA: Wanda ke tambaya. Ni da yara mil 15 muke takawa kullum cikin ƙura. Madarar da na rataya a amalanke da safe, kafin yamma girgiza ta fitar mini da mai. Kai kuwa tun watan Mayu ake girgiza ka, ko ɗigo ba mu gani ba.

MAIGIDA: Ni da ƙwaƙwalwa nake aiki. Madugu, na gano wata hanyar yanke.

MADUGU: A 1846 ayarin Donner ma yanke suka bi. Dusar ƙanƙara ta ritsa da su a duwatsun Sierra Nevada, kusan rabinsu ba su fito ba.

MAIGIDA: Dama wasa nake yi. Ke kuma ki iya bakinki, albarkacina za ki sami gona a Oregon.

UWARGIDA: Madugu, don Allah karanta masa dokar.

MADUGU: Gwauro eka 160 ake ba shi. Mai mata 320, rabi kuma da sunan matar za a rubuta.

UWARGIDA: Ka ji ko? Eka 160 na tafiya a ƙasa, agogo na kwance a inuwa. Ungo kwando. Tun a bakin kogin Platte itace ya yi wuya, je ka tsinto mana kashin ɓauna mu hura wuta.

MAIGIDA: Ni? Da girmana da gemuna?

UWARGIDA: Shi ke nan, zauna abinka. Madugu, ara mini gatari. Katakon agogon nan ya bushe sarai, zai dafa wake har kwana uku.

MAIGIDA (ya diro da sauri): Ina kwandon?

MADUGU: Ka lura dai, busasshe ake ɗauka.

MAIGIDA: Yaya ake gane busasshen?

MADUGU: Da hannu, Malam.